Sif Ɗin Da Ya Fi Ɗakin Amarya Tsawo

Ba zan taɓa mantawa da bikin Sa'adatu, ɗiyar yayata Hajara, ba. A lokacin, kaf Batsari babu wanda ya kai ni sanin mita da kilo. Tun da na dawo daga wata bita ta kwana uku a Katsina na hana kowa sakat. A majalisa in ce ƙasar nan ta daɗe da komawa awon zamani, mu ne kawai muka maƙale wa tiya da taku. Mai nama ya kasa mini kashi, in tambaye shi kilo nawa ne. (Har maiɗakina ta fara kirana Malam Santimita, a bayan idona ba shakka.)

Da aka zo rabon hidima, ni kawun amarya na ɗauki sif na ajiye kaya. Baffan ango, wani dattijo a Runka da ake kira Baba Audu, ya aiko mini da igiya mai ƙulli biyu, ya ce tsakanin ƙullin nan shi ne tsayin ɗakin daga ƙasa zuwa silin, a miƙa wa kafinta yadda take. Na yi dariya har da hawaye. Igiya, a wannan zamani? Na ɗauko sabon tef ɗina na auna, mita biyu cif. Igiyar kuwa na ɗaure rago da ita a gaban ɗan aiken.

Malam Iro kafinta ya ce shi ƙafa da inci ya sani, ga tef ɗina na baro a gida. Maimakon in koma, sai na lumshe ido na yi lissafi a ka, na ce mita ɗaya ƙafa huɗu ce, don haka ƙafa takwas.

"Malam, ɗakin amarya ne ko masallacin Juma'a?" in ji shi.

Na ce ya yi aikinsa, ya bar wa masu ilimi nasu.

Ranar jere muka ɗora sif a a-kori-kura, ni da Iro, muka bi mata 'yan jere zuwa Runka. Tun a Safana direba ya gargaɗe mu cewa shi la'asar ba za ta same shi a wannan hanya ba, kowa ya san dalili. Ƙarti shida suka shigar da sif a kwance, na tsaya ina ba da umarni kamar ni na haifi katakon. Da aka zo tayar da shi sai kansa ya daki silin. Aka juya, ya daki silin. Aka karkata, ya kankare sabon fenti. Ga gado da kujeru a tsakar gida suna jira, ga 'yan jere sun yi cirko-cirko, ga direba yana ta danna oda. Yaya Hajara ta kira waya sau biyar, na biyar ɗin cewa ta yi in ɗaki bai haɗu yau ba, kada in sake kiranta yaya. Gumi ya jiƙa mini 'yar ciki har ya fito a babbar riga.

Iro ya matso. Ya ciro tef ɗinsa ya juya, ashe mita na ɗaya gefen, shekara ashirin bai taɓa kallonta ba. Mita biyu ƙafa shida da rabi ce da 'yan kai. Aka fito da sif, ya sa zarto ya datse masa kai a gaban dangin ango, ya mayar da rufin da ƙusa. Muka bar Runka ladan na gyaran muryar kiran la'asar.

Yanzu na gane ƙasa ba ta komawa mita sai mai bayar da awo da mai yanka katako sun koma tare, kuma gara mai bayarwar ya iya lissafi. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. Ina ƙoƙarin sulalewa mota Baba Audu ya riƙo hannuna, ya yi mini sannu da ɗawainiya har sau uku, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Malam, in ragon ya gama da igiyar a dawo mini da ita. Ba ta je bita ba, amma ta san ɗakin."