Zoɓon da na zuba a jarka

Shekara ashirin ina dakon fetur a babur tsakanin Gumel da Maigatari. Na sha faɗuwa, na sha kwanan daji. Da matata ta ce ba na kula da ita, gobe za ta tafi gidansu a Gagarawa, sai na ce yau ni zan yi girki.

Na soya kifi ya yi ja. Na dafa zoɓo da citta da kanumfari. Na rasa mazubi, na ɗauko jarkar aikina. Sau uku na wanke ta da sabulu, na sansana ban ji komai ba. Hancin da ya tsufa cikin fetur me zai ji?

Bayan magariba na shimfiɗa tabarma. Ta ci kifin. Ta kurɓi zoɓon, ta ajiye kofin a hankali.

"Malam, kada ka ƙyasta ashana kusa da ni."

Na ce sharri ne, na shanye kofi biyu a gabanta. Kwana biyu ina gyatsar fetur. Dariya ce ta hana ta haɗa kaya.

Har yau in ƙannenta suka zo sai su ce, "Yaya, a zuba mana lita ɗaya."