Jirgin da Aka Yi wa Rubutun Sha

Zamanin da kuɗin fetur ya hau kan kowa, na sayo ƙaramin jirgin sama na roba a Sabon Gari, irin wanda ake harhaɗawa. Tambarin takarda da ake manna masa bai yi min ba. Na ce wa maƙwabcina Alhaji Rasaki, "Zan buga nawa, Bature ya zo ya koya."

Na sassaƙa hatimi, na buga a takarda da tawadar allo, na tsoma takardar a kwanon ruwa yadda ake jiƙa na asalin kafin a manna. Ruwa ya yi baƙi, takarda ta fito fes.

Alhaji ya leƙa kwanon ya ce, "To Malam, ba jirgin ya sha mana."

Har yau in jirgi ya gifta saman Fagge, sai ya tambaye ni, "Wannan ya sha rubutunsa kuwa?"