Ƙashi da Kashi

"…da gajiya, Amarya? Ya ƙafar? Ina kwalina?"

A numfashi ɗaya ya jero su, ko takalmi bai gama cirewa ba. Kakar tasa tana zaune a bakin gado, ƙafa ɗaya a cikin robar ruwan ɗumi, tana goge kaushin ɗayar da wani dutse mai santsi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Gafiya take ce masa tun yana rarrafe, don ba shi da aiki sai tonon gindin katanga. Suna kuwa ya bi shi. Ya girma, ya yi karatu har ya ƙoshi, sana'arsa ta zama tono. Shi da abokan aikinsa sukan shiga jeji su yi watanni suna fasa duwatsu, suna neman burbushin dabbobin da suka shuɗe tun ba a san za a yi mutum ba. Bana ya taki sa'a, ya samo muƙamuƙin wani kada na zamanin da, irin wanda ba wanda ya taɓa gani. Da ya dawo gari ya tarar ana fenti a ɗakin bincikensu, sai ya kawo kwalin da ya sa shi a ciki shekaranjiya ya tura ƙarƙashin gadon tsohuwar, ya fice a guje. Yau da yamma baƙin da suka zo da na'urar haska cikin duwatsu za su koma. In muƙamuƙin nan bai hau na'urar ba, ba shi da abin da zai nuna wa duniya sai baƙin da rana ta yi masa.

"Ni aka gaisar ko kwali?" ta ce.

"Ke da kwalin ai duk ɗaya ne, kayan tarihi ne."

"Ubanka ne kayan tarihi."

"Uban nawa ke kika haife shi, kin ga ke ce tushen tarihin. Matsa ƙafar."

Ya durƙusa ya jawo kwalin. Tun daga rashin nauyinsa gabansa ya faɗi. Ya buɗe, babu komai ciki sai yagaggun jaridu.

"Kaka, ina abin da ke ciki?"

"Au, yau kuma Kaka ce, ba Amarya ba? Ashe ka san girmana."

"Ba wasa nake ba. Ina abin da ke ciki?"

"Ni ma ba wasan nake ba, ɗan banza! Ɗakina ne ka mayar masai? Duk garin nan ka rasa inda za ka kai ƙazantarka sai ƙarƙashin gadon da nake kwana? Na ɗauke ka a bayan nan, ka yi min shi a zani ban ce uffan ba, shi ne da ka yi gemu ka zuba shi a kwali ka kawo min tsaraba?"

"Wace ƙazanta?"

"Da bakinka ka faɗa! Ka tsaya a ƙofar can ka ce, akwai kashi a ciki, kada a taɓa."

Gafiya ya dafe kai da hannu biyu. Ji ya yi kamar ya kurma ihu.

"Ƙashi na ce! Ƙashi, irin na jiki! Ƙa, ƙa, ƙa!"

"Daina yi min kukan hankaka a ɗaki. Kashi ka ce."

"An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To naki kunnen bai ji ba, ni ne ban tsira ba. Sau nawa na ce ki riƙa sa abin jin nan da aka saya miki?"

"Kunnena garau yake. Kai ne ka yi magana da guntun burodi a baki, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, kamar wanda aka biyo. Kuma ai na duba da idona. Gaya min, wane mai hankali ne zai naɗe ƙashi da takardar banɗaki?"

Nan kam gaskiya ta faɗa. Haka suke yi a wurin aiki. Ƙashin da ya daɗe a ƙasa ya fi ƙwai saurin fashewa, sai an lulluɓe shi da takarda mai laushi kafin a ɗora masa filasta irin ta masu karaya. Shi kuwa filasta ta ƙare masa a jeji, gefe ɗaya kawai ya rufe, ɗayan gefen takardar ce tsirara.

"Haka ake naɗe shi, don kada ya marmashe," ya ce.

"Ka ji ko? Don kada ya marmashe. Tir!"

"Ina kika kai shi?"

"Ina ake kai irinsa? Ba ka ga motar shara a hanya ba?"

Ya gan ta. Ya wuce ta a bakin titi tana matse abin da ta kwaso da ƙarfen nan nata mai murƙushe komai. Nan take zuciya ta taso masa. Ya tuna kunamar da ta harbe shi a ramin tono, da ranar da ruwansu ya ƙare, da yadda ya kwana biyu a kife yana share ƙasa da burushi kamar mai yi wa jariri wanka.

"Kin kashe ni, tsohuwar nan! Abin da ya shekara miliyoyi a kwance, ambaliya ba ta ci shi ba, girgizar ƙasa ba ta ci shi ba, sai ke a kwana biyu! Wallahi da kina zamanin da, ba sai wani bala'i ya faɗo daga sama ba, ke kaɗai kin isa ki ƙarar da manyan dabbobin nan da suka shuɗe."

"Da na ƙarar da su da kai ba a haife ka ba, tunda danginka ne. Ba ku ne masu cewa biri ne kakanku ba?"

"Ba haka muka ce ba. Amma duk wanda ya ga aikin da kika yi yau, ba zai yi musu ba."

"Ni ce birin?"

"Biri ai yana da haƙora. Kadan da kika zubar ma, da ya mutu tun kafin a yi duwatsun garin nan, ya fi ki haƙori a baki."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Dubi wuyanka kamar mariƙin lema. Wace mace ce za ta auri mai yawo da kashi a kwali? Ni ma haƙuri nake da kai don na rasa mai karɓa."

"To na sake ki."

"Ka biya sadakin ne da za ka saka?"

Ya juya ya fara cusa ƙafa a takalmi, yana lissafin ko zai cim ma motar kafin ta kai juji. Ya san ba zai cim mata ba. Idonsa ya kawo ruwa, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan, don ba ya son ta gani.

Ta gani kuwa. Ta bar shi sai da ya kai ƙofa.

"Dawo nan, sakarai. Ni mahaukaciya ce da zan ba masu shara? In suka buɗe suka gani, su ce na wa? Su bi unguwa suna cewa tsohuwar gidan can ta fara yi a kwali?"

Ya tsaya cak. "To yana ina?"

"Na yi masa abin da mage take yi wa nata. Yana gindin lemo."

"Lemon da kike ba ruwa safe da yamma?"

"Da in bar shi ya bushe saboda kai?"

Ruwa shi ne babban maƙiyin irin wannan ƙashi, in ya jiƙa sai ya koma kamar dafaffen biskit. Gafiya ya zari cokali a kan tebur ya yi bayan gida da gudu. Ƙasar gindin lemon a jiƙe take sharkaf. Ya zube a gwiwa ya fara yaye ta kaɗan-kaɗan, yana tono yana ƙunƙuni. Tsohuwar ta biyo shi da sandarta, ta jingina da bango.

"Cokalin shayina ne wannan."

"Zan saya miki dozin."

"Dubi yadda kake lallaɓa ƙasa kamar za ta yi kuka. Abin da ya mutu tun ba a yi mutane ba, ka tafi uwa duniya ka tono shi, ka share masa ido, ka sa masa riga. Ni da nake numfashi, ina cikin gidan nan tun da ƙafar nan ta kama ni, ba ka taɓa zuwa ka tono ni ka fito da ni ko ƙofar gida ba. Sai na zama dutse za ka zo da burushinka?"

Cokalin ya tsaya a hannunsa. Maganar ta shige shi, ya ci gaba da tono.

Can bakin cokalin ya taɓa wani abu mai santsi. Leda ce baƙa, an ƙulle ta tamau. Ya ciro ta da hannu biyu, ya kwance, ya tarar da wata ledar a ciki, cikin wannan ma wata. Da ya kai ga ta ƙarshe, ga takardar a bushe ƙamas. Ya ɗaga gefenta a hankali, haƙoran kadan suka bayyana a jere, ko ɗaya bai goce ba.

Ya zauna daɓas a cikin laka.

"Leda kan leda, Kaka?"

"Da in bar ƙazantarka ta taɓa saiwar lemona?"

Suka koma ɗaki, yana rungume da muƙamuƙin kamar jinjiri. Yana shimfiɗa shi a kwalin ne ya tuna ba shi kaɗai ya ajiye ba.

"Akwai wani ɗan dutse dogo, mai santsi, a cikin ƙyalle. Shi ma kin binne?"

"Wannan? Ai shi kaɗai ne abin arziki a kwalin. Na ɗauka tsarabata ce." Ta zauna ta ɗauko shi daga bakin roba. "Tun da nake ban taɓa samun dutsen goge kaushi kamarsa ba. Dubi dunduniyata, kamar ta amarya."

Gafiya ya dubi dutsen, ya dubi dunduniyar. Ya ciji leɓe.

"Kaka, kin san ko mene ne wannan?"

"Dutse."

"Yanzu dutse ne. A da kuwa, abin da kadan ya ci ne, bayan ya gama da shi."

"Ban gane ba."

"Wanda kika binne ƙashi ne. Wanda ke hannunki shi ne kashin."

Dutsen ya faɗa cikin robar, ruwa ya fallatsa har bango. Tsohuwar ta miƙe tsaye ba sanda, abin da ta yi wata ba ta yi ba.

"La'ananne! Ɗan gidan ƙazamai! A kusa da kofin haƙorana nake ajiye shi!"

"An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ki kwantar da hankalinki, ya daina wari tun kafin a haife ki, ko da yake ba da nisa sosai ba."

Ya miƙa hannu zai tsamo shi, don a cikinsa ne za su ga ɓawon kifin da kadan ya ci, su san irin ruwan da ya rayu a ciki. Sandar ta sauka a bayan hannunsa. Ta sa bakin zaninta ta tsamo dutsen tana yamutsa fuska, ta jefa shi a aljihun tebur, ta murɗa makulli ta ɗaure a gefen zani.

"Kaka, shi ma ina bukatarsa!"

"Gafiya, tsira da na bakinka. Ɗauki ƙashinka ka kai wa baƙinka. Kashin kuwa nawa ne, tunda a ƙafata ya ƙare. Ranar da ka zo ka zauna, ka cire takalmi duka biyu, ka gaishe ni kamar ɗan mutane, ka fita da ni na sha iska, sai mu yi maganarsa."

Ya dubi agogo, ya dubi kwalin, sannan ya dube ta. Ya ajiye kwalin a ƙasa, ya zare takalmansa masu laka, ya durƙusa a gabanta.

"Ina kwana, Kaka? Ya ƙafar?"

Ta harare shi iya ƙarfinta, amma dariya ta ƙwace mata har dasashi ya fito.

"Ƙafar ta taka kashin kakanninka. Tashi ka tafi kada su bar ka. In za ka dawo gobe, ka zo min da sabulu."