Babunaj a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifin Hadiza ya aiko yana son ganina ba. Dattijo ne mai ƙarancin magana a Ƙofar Marke, kuma an ce daga zama ɗaya yake yanke hukunci. Ya taɓa sallamar wani manemi tun shayi bai huce ba. Ni kuwa ina son Hadiza, so na gaske.

Ilimin tsirrai nake koyarwa, kuma a lokacin na haukace a kan wani ɗan tsiro, babunaj irin na Rum. Gajere ne, yana shimfiɗuwa a ƙasa, furensa fari da ɗigon rawaya a tsakiya, in ka murza shi sai ƙamshin tuffa. A ƙasashen sanyi har fili ake shukawa da shi a kwanta a kai. (Nawa na cikin tukunya a Arkilla, ranar Sakkwato ta gama da shi tun bai yi fure ba.) Kullum ina gaya wa ɗalibai akwai sinadari a furen mai kwantar da hankali.

To ranar gabana sai faɗuwa yake, ga shi ban yi barcin kirki ba. Na ce yau ilimina zai yi mini rana. Na zuba busasshen furen da na saya, ba awo, na dafa har ya yi ɗaci, na shanye butar.

Bayan Azahar muka isa ni da Kawu Bello. Zauren da sanyi, darduma mai laushi, fanka na juyawa a hankali. Alhaji, mahaifin Hadiza, da Kawu suka shiga lissafin dangi, wane ɗan wane, jikan wane. Muryarsu ta fara yin nisa. Furannin jikin dardumar suka ɗago kai, suka yi fari, suka bazu har bakin gulbi. Ga Hadiza can tana tahowa, mayafinta na kaɗawa, ko'ina ƙamshin tuffa. Na ce mata ta zo mu huta, na nemi tudu mai laushi na ɗora kai.

Tudun nan gwiwar Alhaji ce.

"Kai! Mi an nan haka?" Muryar Kawu ce, da mintsini a cinyata. "Alhaji na tambayar mi kaka iya riƙe ɗiyatai da shi!"

Ni kuwa, ido a rufe, na ce, "A ƙara zuma."

Da na farka sosai na ga yawuna a kan babbar rigar Alhaji, wallahi na so ƙasa ta tsage. Na ce shi ke nan, Hadiza ta tafi. Cikin in'ina na faɗi abin da na sha.

Alhaji ya juya wajen Kawu. Can ya ce, "Bello, wanda ka kwana haka gabana ba shi ɓoye komi. Na ba shi." Ya ɗan rage murya. "Wanga furen da ka sha, da saura? Na daɗe ban samu kwana ba."

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Amma har yau in na je gaisuwa, kafin a kawo ruwa matashin kai ake fara miƙo mini. Abin da na koya shi ne, in gabanka na faɗuwa a gidan surukai, ƙyale shi ya faɗi. Ya fi kai ka faɗi.