Rasuwar Zalɓe, Jirgin Bawa Tambari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, Malam Bawa Tambari na Gwandu, tsohon soja kuma makanike, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda kallo kawai ke kawo su, rasuwar jirginsa na sama, ƙarami mai kujera biyu, wanda aka fi sani da Zalɓe. Ya rasu ranar Juma'ar da ta gabata a bakin fadamar Kalgo, cikin ranin wannan shekara ta 1957, yana tsaye a kan ƙafafunsa, bayan wata gajeruwar jinya da za a faɗi yadda take ba tare da rufa-rufa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai makoki ya san abin da ake faɗi a rumfunan kasuwa. Ya ji ana cewa ai dama gawa ce, sai yanzu ne mai ita ya yarda. Yana roƙon masu wannan magana su daure su saurari sanarwar har ƙarshe, domin Bawa bai haukace ba tukuna, duk da shekarun da aka kwashe ana yi masa fatan haka.

An haifi marigayi a ƙasar Turawa. Ya zo ƙasar nan tare da wani Bature mai yaƙi da fara, wanda ke hawansa yana leƙen inda farar ta sauka. Bawa, da ya dawo daga yaƙin Bama da sanin inji a hannunsa, shi ne makanikensa. Shi ke zuba fetur, shi ke murza farfela, kuma in sun yi nisa a sama Baturen kan sakar masa sandar tuƙi ya lumshe ido. A haka ya koyi tashi da sauka. Wata rana suna sauka a fadamar Kalgo ƙafar hagu ta faɗa rami ta karye, fiffiken wannan gefen ya ja ƙasa ya yage tun daga kafaɗa har baki. Baturen ya zagaya shi, ya girgiza kai, ya ce wannan ya gama aiki, in Bawa yana so ya ɗauka. Ya shiga mota ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mutanen Kalgo ne suka raɗa masa suna, kuma ba don ƙauna ba. Sun ga abu tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, rani da damina, ba ya ci ba ya tashi, suka ce Zalɓe. Bawa ya karɓi sunan hannu biyu, ya kafa bukka kusa da shi, ya kewaye wurin da shingen kara.

Marigayi mai haƙuri ne. An dasa masa ƙafa da ƙarfen wata matacciyar lori, Lukuman maƙeri yana dukansa da guduma, bai ce uffan ba. An yi wa tayoyinsa faci a kan faci. An zazzage injinsa a kan tabarma, an wanke kowace kusa da kananzir, an mayar. Mata masu dawowa daga gonar shinkafa sun sha inuwar fiffikensa mai lafiya, bai taɓa korar kowa ba. In an murza masa farfela yakan fara da tari irin na dattijai, "Kwaf! Kwaf-kwaf!", ya yi shiru kamar yana tunani, sannan ya saki murya, "Turrrrr!", har kaji su watse. Wannan muryar ce yanzu Bawa ke farkawa da ita a kunne, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka.

Wanda bai sani ba ya sani: jikin irin wannan jirgi ba ƙarfe ba ne zalla. Ƙasusuwansa ne ƙarfe da katako, amma fatarsa ƙyalle ce, a ɗaure tam kamar fatar ganga. Fatar fiffiken hagu ita ta gagara. Bawa ya gwada akoko na kasuwa, yana ja ya kece. Ya gwada wani mai kauri, ya yi nauyi. Ranar da ya je gida Gwandu gaishe da mahaifiyarsa, Inna Rahamatu, ta ga ya rame ya yi zuru-zuru, ta tambaye shi, ya gaya mata. Sai ta miƙe. Ta jawo adudunta daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin ƙyallen da ta ajiye domin ranar tafiyarta lahira, ta miƙa masa. Da hannunta ta kaɗa zarensa, siriri mai ƙarfi, shekara da shekaru, ta kai wa masaƙi, ta ɗinke, ta turara, ta ninke. Duk tsohuwar da ta san kanta a Gwandu tana da irin wannan ajiya, kuma ba a taɓa jin wadda ta ba da tata ba.

Yayan Bawa, Malam Lawal, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya tare shi a zaure da ƙullin a hammata.

"Kai Bawa, ashe haukan naka ya kai haka? Ka tuɓe ma tsohuwa likkahwani ka sanya ma ƙarhe? In ta hwaɗi gobe, da mi za mu ruhe ta? Da farfela?"

"Yaya, ba ni na roƙa ba. Ita ta ba ni."

"Ita ta ba ka, kai ko ba ka ji kunyar amsa ba."

Wannan magana ta zauna wa Bawa a rai, har yau ba ta wuce ba. Tun daga ranar ya san abin da ke kansa: in Zalɓe bai tashi ba, shi ne ɗan da ya ɓata likkafanin uwarsa a banza, kuma da wannan sunan za a binne shi.

Ƙyallen ya zauna a fiffike kamar don shi aka saƙa. Saura abin shafawa da zai sa ya ƙame, iska ba ta ratsa shi. Na Baturen wani mai ne mai warin tsiya, kuma ya tafi da shi. Bawa ya dafa ƙaro da ruwan shinkafa, ya shafa, ya ƙame sarai, amma bayan 'yan kwanaki ya soma tsami. Inna, wadda ta biyo kayanta har Kalgo don ta ga inda aka kai su, ta sunsuna ta ce, "Sa mashi kanwa, ɗana. Kunun da babu kanwa shi ka tsami, tsamin kuwa shi ka kiran gara." Aka jiƙa kanwa mai yawa aka zuba, aka shafe jirgin kaf, tun daga hanci har wutsiya, don kada wani gefe ya fi wani. Tsami ya ɗauke. Gara ba ta taɓa kusantarsa ba, wannan kam a rubuta a cikin alherin kanwa.

Yanzu ga abin da aka rubuta wannan sanarwa dominsa. Zalɓe ya tashi.

Ya tashi da kakar da ta wuce, da hantsi, bayan ƙasa ta bushe. Bawa ya so ya fara gwadawa shi kaɗai, Inna ta ce, "Tuhwana na, ni ka hwara hawa." Aka ɗaga ta aka zaunar, aka ɗaure ta da ɗamarar kujera, ta ƙara da gyalenta don ba ta yarda da ɗamarar Turawa ba. Marigayi ya yi tarinsa, ya saki murya, ya ruga a kan ƙasa yana tangaɗi, sai girgizar ta ɗauke ɗif. Giginyu suka koma ƙarƙashinsu. Gulbi ya kwanta kamar zaren da aka yar. Bawa ya karkata zuwa Diggi, garin da aka haifi Inna, wanda rabonta da shi tun tana goyon Lawal. Ta nuna wata kuka da yatsa tana ta ɗaga murya, ƙarar inji ta hana shi jin ko kalma ɗaya. Da suka sauka ta daɗe ba ta kwance gyalen ba, sannan ta share ido ta ce, "Ashe garinmu ƙanƙane na."

Masu yankan shinkafa sun gani. Masunta sun gani, har ɗaya ya faɗa ruwa. Amma kafin labari ya isa Gwandu ya rame, ya koma wai jirgin tsalle ya yi ya dire. Malam Lawal ya ce shi bai gani ba, kuma shaidar uwa a kan ɗanta ba shaida ba ce. Bawa ya rantse sai ya sauka da Zalɓe a filin bayan gidansu, a gaban idon yayansa. Fetur ne ya tsayar da shi, yana tarawa kaɗan-kaɗan daga hannun direbobin lori, kuma duro ya kusa cika.

Ajali ya riga duro. Da rani ya yi, garken Garba makiyayi ya gangaro fadama kamar kowace shekara. Ranar Juma'a Bawa ya tafi masallaci, Garba ma haka. Wata saniya ta shaƙi iska, ta ture shingen kara, ta lashi wutsiyar marigayi. Sauran suka biyo. Suka lasa, da ƙyallen ya jiƙe suka kama ja suna tauna. Kafin a sallame salla sun cinye shi tas. Bawa ya dawo ya tarar da ƙasusuwa tsaye, rana tana ratsa haƙarƙarinsu, shanu na kwance a gefe suna tuƙa cikin natsuwa.

Garba ya riƙe baki ya ce, "Malam Bawa, Allah shi ba ka haƙuri. Amma wa yas sa ka zuba kanwa? Ai ko bisa dutse anka shahwa ta, sai sun lashe dutsen."

Babu wanda ya girma a ƙasar nan bai san shanu da kanwa ba. Bawa ya sani, Inna ta sani, duk wanda ya tsaya kallon shafar ya sani. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya taɓa duban jirgin sama ya ga abinci. Mai makoki bai riƙe Garba ba, bai riƙe shanu ba, kuma wanda ya kuskura ya ce laifin tsohuwa ne, to ya faɗa a inda Bawa ba ya nan. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban mutane, tsohon soja da shi.

Marigayi ya rasu ya bar inji ɗaya mai cikakkiyar lafiya, da farfela, da tayoyi biyu masu fama da tsufa, da duron fetur da ya zama maraya. Ya bar Malam Bawa. Ya bar Inna Rahamatu, wadda ita kaɗai ce mace a ƙasar Gwandu da ta hango gadon bayan shirwa daga sama tana tashi. Ya kuma bar wani ɗan ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, wanda aka samu maƙale a jikin waya, shi ne abin da ya rage na farin Inna.

Da wannan ɗan ƙyalle Bawa ya isa Gwandu. Ya tarar Malam Lawal ya riga shi, ya ajiye ƙullin sabon akoko a gaban tsohuwa, ya koma gefe ya tsaya, domin ƙullin ya isa magana. Inna kuwa tana zaune da mazari da alli, ta soma kaɗi. Idonta ya rage gani, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa. Bawa ya durƙusa, kunya da tsoro suka rufe shi, don ya ga ƙarfin da ya rage mata bai kai na wancan karon ba.

"Inna, ki yahe mani. Ki amshi na Yaya. In kuwa sai kin kaɗa, to wanga karon naki na, ba ni taɓa shi."

Inna ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ko duban inda yake ba ta yi ba. Ta ture ƙullin da bayan hannu.

"A ce ma wancan shi adana abinai, ranar tana nan tahe, ba ni hana shi. Ni dai na riga na shiga nawa, ya kai ni bisa, ya nuna mani ƙohwar gidan ubana, ya maido ni da raina. Wa ad da irin wanga a Gwandu?" Ta lashi yatsa ta murza mazari. "Tashi ka auno mani fiffike."

Ga yadda aka tsara jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyalan marigayi sun yarda da hukuncinsa. Ba a buƙatar likkafani, marigayi ya sa nasa tun yana raye. Ba za a haƙa rami ba. Ana sanar da Lukuman maƙeri da sauran 'yan uwansa da suka soma zagaye gawar suna auna fartanya nawa za ta fitar, cewa su koma maƙerarsu, ko kusa ɗaya ba za a sayar ba. Ranar Lahadi da safe za a kwance fikafikai, a ɗora ƙasusuwan a lori daga Kalgo zuwa Gwandu, a kafa su a filin bayan gida, daidai inda Malam Lawal zai riƙa ganinsu kullum in ya fito alwala. Za a kewaye su da katanga ta ƙasa, ba shingen kara ba.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gidan Tambari. Masu zuwa dariya su zo, akwai tabarma. Masu zuwa don Allah kada su wahalar da kansu da hatsi ko goro, su zo da auduga gurzajjiya, a miƙa wa Inna. Wanda ya zo da kanwa ya tsaya a waje.