Tuwo da Asuwaki Biyu

Ina dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, a shekarun sittin, wani tsohon matuƙi ya gaya mini wai jiragen Sarkin Sin sun taɓa zuwa gaɓar nan. Tun daga ranar, in na zuba wa teku ido da la'asar, sai in ga kamar ba su koma ba. In gan su sun haye Sudan, sun ci Borno, tutocin alharini na kaɗawa a kan ganuwar Kano, dutsen Dala ya cika da fitilun takarda.

Da wannan mafarki na je walima a unguwar Karantina, gidan baffan yarinyar da nake nema. Ana ajiye tuwo da miyar kuɓewa na gyara zama, na shiga ba dattawa tarihin da bai faru ba.

Na ce, "Baffa, da sun zarce, yau da tsinke za mu ci tuwon nan."

Ya ce, "Tuwo da tsinke? Yalla, ɗana, nuna mana."

Na zaro sababbin asuwaki biyu daga aljihu, kai ka ce a Sin aka binne cibiyata. Na maƙale loma, na tsoma a miya, na ɗaga a hankali. Ta yi lilo, ta suɓuce, ta sauka a ƙirjin farar rigar Baffa, yauƙi na bin ta.

Baffa ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Alhamdu lillahi da suka koma gida."

Matar dai an ba ni. Amma har jikokina Hakimin Sin suke ce mini, kuma duk gidan da na je cin tuwo sai an tambaye ni ko a kawo itace.