Kifi Uku a Cikin Jakar Sallaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kifi ya tona min asiri a gaban surukina. Shekarar da na je Woodbridge, can ƙasar Turawa, wankan jegon autata Hadiza ne. Mijinta likita ne, a lokacin yana jiran takardar zama ɗan ƙasa. Tun a gida Hadiza ta ja min kunne: "Inna, ko ƙaramin laifi aka rubuta masa, takardun nan suna iya tsayawa. Don Allah abin da kika ga ana yi, shi za ki yi."

Shugabansa na asibiti, wani dattijon Bature, shi ya gayyace mu kamun kifi a wani tafki can cikin duwatsu. Hadiza ta tsaya bakin ruwa da jinjiri. Ni kuwa na riga na cika baki cewa 'yar Yawuri ce ni, a bakin kogi aka yaye ni, sai aka ɗaura min rigar hana nitsewa, aka zaunar da ni a bayan ƙaramin jirgi, Baturen da surukina suna gaba.

Ba a jima ba Baturen ya kamo kifi kamar damtsena. Ya ɗauki hoto, ya shafa shi, ya mayar da shi ruwa. Na rasa dalili. To wa zan tambaya? Bature ba ya jin Hausa, suruki kuwa tunda ya auri 'yata, daga gaisuwa ba ma ƙara komai.

Da ya kama na biyu, sai ya miƙo min don girmamawa, ya yi nuni in sake shi. Na karɓa. Wallahi na yi niyya, hannuna ne ya ƙi. Suna juya baya na zura shi cikin jakar sallayata, na bugi ruwa da tafin hannu don su ji ƙara. Haka na yi sau uku (na uku ma har da bisimilla).

Can sai ga wani jirgi ya nufo mu, da wata ma'aikaciyar tsaron tafkin cikin kaki. Tana magana, fuskar surukina tana sauyawa. Ya sunkuyar da kai, ya ce wa takalmansa, "Hajiya, ta ce a wannan watan doka ta hana fita da kifi daga nan. Amma mu ai ba mu da ko ɗaya."

Na danne jakar da gwiwoyina, ina karanta duk addu'ar da na sani. Jakar ta motsa. Ta sake motsawa. Sai babban ya yi tsalle ya faɗo kan ƙafar Baturen, casbahata a wuyansa.

Matar ta ciro littafi da biro, na ga takardun bawan Allah suna narkewa saboda miyar dare ɗaya. Na kama kunnuwana biyu, na dubi surukina ido cikin ido, karo na farko a duniya, na ce, "Likita, gaya mata ni ce. Ni za ta rubuta."

Ya gaya mata. Da yake kifayen na da sauran numfashi, ta sa na mayar da su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, sannan ta rufe littafin ba ta rubuta komai ba.

Tun daga ranar, in ban gane abu ba ina tambayar surukina, ko da bango nake kallo. Abu ɗaya dai ya kasa fahimtar da ni: mutum ya yi sammako, ya wahalar da kifi, ya koma gida ya ci burodi.